Wa Zai Riƙe Mini Bedina?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, da kai da masu saurare. Sunana Sanusi, ɗan kabu-kabu ne ni a Malbaza.

A tsohuwar unguwa cikin Konni aka haife ni, ƙofar gidanmu tana kallon lambun da jama'a ke shan iska. Itatuwan bedi, wato dogon yaro, da ke ciki ba a ɗauki kowa aikin ba su ruwa ba. Tsofaffinmu ne suka raba su, kowa da nasa, a gindinsa yake alwala sau biyar a rana. In kakana ya ga na zubar da sauran ruwan buta a hanya, sai ya ce, "Kai ja'iri, maƙwabcina na jin ƙishirwa, kai kana shayar da rairayi?" A inuwar bedinsa muka tashi, nan ya koya mini dara.

Makon jiya na kai fasinja Konni, na biya unguwa. An sa famfo a masallaci da magudanar siminti, Allah ya saka wa wanda ya yi. Bedin Kaka ya girma, ba ya neman kowa. Amma ƙananan da aka dasa bara ganyensu na zuba. Na taɓa gindinsu, ƙasa ƙayau, don yanzu kowa a famfo yake alwala.

Roƙona ga 'yan unguwarmu, ku cika buta ku tako lambu. Ni na zaɓi ƙaramin da ke kusa da na Kaka, na juye masa buta biyu. Sai dai Malbaza da nisa. Abokina Habu tela, ina gaishe ka, ko za ka riƙe mini shi?