Tsofaffin Kwabban Alhaji Jimoh

Jawabin Malam Aƙilu mai facin keke a sadakar arba'in ta marigayi Alhaji Jimoh mai gyaran rediyo, Malumfashi, 1986

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya gafarta Malam Liman, Sarkin Yarabawan garin nan, Mai unguwa, shugabannin direbobi da na kasuwa, Mama Folake da 'ya'yanki, Tajudeen ƙanen marigayi da ka taso tun daga Offa, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ban san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba. A boko aji uku na tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. 'Ya'ya tara gare ni, babu mai saurarona sai in ya ji ƙarar aljihu. Ina zargin an ce ne a ba Aƙilu, in ya yi ɓarna a ce ai da ma wasa yake. To, yau wasan kaɗan ne.

Alhaji Jimoh ya kafa teburinsa jikin rumfata tun muna da baƙin gemu. Ya kasance mutumin da in rediyonka ta mutu murus zai ce maka ta mutu, ba zai riƙe ta wata uku yana ce maka gobe ba. Ya kasance mai zuwa gaisuwar mara lafiya kafin dangin mara lafiyar. Ya kasance kuma, mu faɗi gaskiya, mutumin da muka daɗe muna yi wa kallon gefen ido.

Yaya ba za mu yi ba? Mutum ya ba ka kuɗi mai rai ya karɓi matacce! Anini mai huji, kwabo mai huji, toro, sisi, sulen Turawa, dalar azurfa mai hoton mace, duk abin da kasuwa ta daina karɓa shi yana so. Muka ce akwai wata a ƙasa. Matata ta hana yara cin dafa-dukar gidansa har damina guda, yaran kuma suna zagayawa ta baya su ci. Wata rana na tare shi na ce, "Baba Folake, tsakaninka da Allah, tsafi kake yi da su?" Ya ce, "Aƙilu, keken babanka da ka rataye a zaure, shi ma tsafi ne?" Na ce, "Keke ai ana hawansa." Ya ce, "Wannan? Kaji ne kawai na gani a kai."

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda yake samun labari. Bai taɓa tashi neman labari ba, labari ke zuwa ya same shi a kan benci. Da safe rediyo. Da hantsi Shitu direba ya iso daga Funtuwa da jarida da abin da ya tsinto a tasha. Ranar kasuwar Ɗanja, Mero mai kayan koli ta aiko masa da wace tsohuwa ce za ta kai dalarta wurin maƙeri a narke ta a yi awarwaro. Ko manomi ya tono tukunyar kwabbai a bayan Ƙafur, kafin ya wanke ƙasar hannunsa Alhaji ya ji. Kowane mai kawo labari da goronsa. Amma bai yarda da magana ba sai ta shigo ta hanya biyu, wanda kuma ya kawo masa ƙarya sau biyu, goronsa ya yanke. Nawa ya yanke tun zamanin fam da sule.

Wannan kunnen nasa mu ya yi wa rana. Shekara biyu da suka wuce, da aka canza launin naira aka ba da kwanaki ƙalilan, Alhaji ya ajiye aiki. Hanyoyin da ke kawo masa labari ya juya su suka kai labari: duk motar da ta tashi ƙauye sai da saƙonsa, a tono abin da aka binne, a kwance abin da aka ɗaure a zani. Akwai mutane zaune a nan da kuɗin audugarsu na shekara guda ya tsira saboda shi. Ba sai na nuna su ba, ga su can suna kallon ƙasa.

Yanzu na iso inda nake zuwa.

Alhaji yana naɗe kowane kwabo a 'yar takarda dabam don kada su goge juna, ya jera a gwangwanin alewa. Ranar sadakar uku Tajudeen ya ci karo da gwangwanin ƙarƙashin gado. Ya ga ƙulli-ƙulli a naɗe tsaf, irin yadda ake naɗe sadaka. Ya fashe da kuka ya ce, "Yayana ya san zai tafi, har sadakarsa ya ɗaure da hannunsa." Ya fito ya bi sahu yana miƙawa, kowa ya karɓa ya ce Allah ya kai lada kabari, ya sa a aljihu ba tare da ya buɗe ba, don ba a buɗe sadaka a gaban mai ita. 'Yarsa Folake tana cikin gida wajen mata. Ko da ta fito, gwangwani ya zama fanko.

Tajudeen, ɗaga kanka. Ba wanda ya ga laifinka, da zuciya ɗaya ka yi.

Mu ne abin tambaya. Tun ranar ake cigiya, amma duk wanda aka tambaya sai ya ce shi a bayan sahu yake, bai samu ba. Ikon Allah, taron da kowa yake baya! Sai ga labari ya shigo, ta bakin Shitu, ya kuma shigo ta bakin Mero, hanya biyu ke nan: wani mai farar Fijo daga Kaduna yana zagaya kasuwanninmu yana tambayar anini mai sunan sarkin nan na Ingila da bai daɗe kan gado ba, yana saye da tsada. Wa ya gaya masa akwai irinsa a Malumfashi? Wa ke zama a gaban motar yana nuna masa gidaje? Ni ban kira sunan kowa ba. Lawal dillali, zauna, ba a tashi ana jawabi.

Na san abin da wasu ke cewa, wai ba a komawa kan sadaka. Na je na durƙusa gaban Malam Liman, ga shi nan, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni. Ya ce abin da aka bayar cikin kuskure daga dukiyar da ba a raba ba, ba sadaka ba ne, haƙƙin magada ne, a cikinsu kuma akwai marayu ƙanana.

Folake, 'yata, kin ce mini ba darajarsu ce ta dame ki ba. Kin ce tun kina rarrafe yake ɗora miki su a tafin hannu yana gaya miki daga wace gona kowanne ya fito, yanzu kuwa in kin tashi tuna muryarsa babu abin da za ki riƙe. Mama Folake, mijinki ya zo baƙo ya mutu ɗan gari. In muka bari mai Fijo ya kwashe abin da ya bari, mun mayar da shi baƙo bayan ransa.

Ga abin da dattawa suka yarda da shi. A bakin ƙofa an ajiye ƙwarya an rufe ta da zani. Kowa zai fita, mai kwabon da marar shi, ya dunƙule hannu ya cusa ƙarƙashin zanin ya fito da shi a buɗe. An zuba dussa a ciki, ba za a ji ƙara ba. Wanda ya baro nasa a gida, ƙwaryar za ta koma zauren Malam Liman har Juma'a. Wanda ya riga ya sayar, ya san hanyar Kaduna.

Muna godiya ga shugabanni, da matan da suka yini a bakin murhu, da duk wanda ya bar girbinsa ya zo. Allah ya jiƙan Alhaji Jimoh, ya yalwata kabarinsa, ya sa labarin da ya tarar a can mai daɗi ne. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya sa kada ɗayanmu ya tashi ranar hisabi da aninin maraya a aljihu.

Malam, a yi mana Fatiha. Shitu, ja ƙofar baya ka rufe.