Dutsen da Ba Kowa a Ƙarƙashinsa

Ina zaune ina jiran a canza min taya a wani gareji da ke titin High Point Road, nan ƙasar waje, sai kunnena ya tsinci hirar wani dattijo ɗan Nijar da wata 'yar zangon Kumasi.

"Hajiya, garin da nake yankan ciyawa, kabarin sojoji ne a tsakiyarsa. Mutum arba'in a rami ɗaya! Kullum sai na cire takalmi in zan wuce."

Ta yi dariya. "Baba, mai da takalminka, ba kowa a ciki. Tsohuwar da nake jinya a can ta ba ni labari. Samarinsu sun mutu a yaƙin Turai, ba a ga gawa ba, sai iyaye mata suka kafa dutse, aka sassaƙa sunaye. Na baƙaƙen fata ma sai bayan shekara hamsin aka ƙara."

"Hamsin? Bai yi latti ba?"

"Ina latti? Jikoki suka zo, aka sha kuka, aka ci abinci."

Sai dattijon ya ce:

"Faransa ta ɗauki mahaifina soja ina cikin mahaifiyata, bai dawo ba. Har yau ba mu da inda za mu tsaya mu yi masa addu'a." Ya juyo gare mu duka. "Jama'a, a garinmu Tasawa akwai mai sassaƙa dutse kuwa?"