Majiya ta kai Illa Kalmalo

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Da hannuna na rubuto, ni da na koyi riƙon biro a lakwal, makarantar manya, bayan furfura.

Allah ya ba ni jika. Ɗiyata ta haifi namiji a likitar Ƙonni, bayan shekarun jira. Maƙwabcina Illa ne ya ƙetare gulbin Majiya da ita a amalanke, rairayi busasshe. Da ya juyo ɗaukar matata, sama garau take, ko ɗigo ba a yi garinmu ba. Ashe an yi ruwa can gabas, kan duwatsu. Ruwan ya iske shi tsakiyar gulbi.

Muka bi gaɓa har muka ƙetare iyaka. A tafkin Kalmalo, inda Majiya ke zuba, masunta suka fiddo mana gawarsa.

Ina zaman makoki, murnar jika tana taso mini, kunya ta kama ni. Na ce a fasa taron suna. Matar marigayin ta aiko: "Baba, ku yanka ragonku. Ai saboda yaron nan maigidana ya fita."

Mun raɗa masa Illa.

Mutanen gabas, in an yi ruwa wajenku, don Allah ku bugo mana waya.

Naku, kakan Illa.