Evaristo Yana Cikin Kofi

A tashar motar Paysandú, a ƙasar Uruguay, wata tsohuwa na zaune da ƙaton kofin azurfa a cinya, sai wani dattijo ya matso.

"Iya, wannan ba kofin ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ba ne? Mun gaji da nemansa!"

"Shi ne. Mijina Evaristo ya ci shi."

"Ci? Ranar tseren duk motocin mutuwa suka yi a hanya. Tasa akwalar ma turo ta aka yi."

"Ni na turo ta, bawan Allah, da tsohon ciki. Shi yana ɗaga wa 'yan mata hannu."

"To, ai kofin ba gado ba ne. Ni na ci na bana. Ran Lahadi za a cika min shi da giya in shanye, haka al'adar take."

"Wurin bikin naku zan kai shi."

"Madalla! Me ya sa kika liƙe murfin?"

"Evaristo ne a ciki. Shi ya ce in an ƙona gawarsa a zuba tokar a nan."

Dattijon ya ja da baya.

"Sha abinka," ta ce. "Shi dai bai taɓa ƙin giya ba."