Tukwanen Dakta Kabira Masu Ganye Ɗaya

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malam liman da malaman da ke jin mu ta lasifika daga ɓangaren maza, Umda, wato mai unguwarmu, Alhaji Abdulganiyyu mijin marigayiya, Hajiya Rabi'atu mahaifiyarta, ƙaninta Sami, 'yan uwana matan Tandabawi ta nan Makka da waɗanda suka taso daga unguwar Kudai, assalamu alaikum. Ni ce Ɗaso, uwar Nuha. Nuha kuwa ɗalibar marigayiya Dakta Kabira ce a jami'a. An zaɓe ni in yi magana da yawun matan unguwa, kuma waɗanda suka zaɓe ni sun san ba na lulluɓe magana.

Kabira ta kasance 'yar unguwar nan da boko bai raba ta da tabarmarmu ba. Ta kasance mai raka marar lafiya asibiti ta yi masa tafinta, don Larabcin da yawanmu na kasuwa ne. Ta kasance mai karantar da 'ya'yanmu mata a falonta, har wasu suka shiga jami'a. Duk mun san wannan. Abin da ba mu damu mu sani ba shi ne aikinta.

A gidanta akwai ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ba a kashewa, cike da tukwanen shuka. Ranar da na fara shiga na ga wani tsiro, ganye ɗaya tal, faffaɗa kamar kunnen giwa, babu kara babu reshe. Na ce, "Kabira, wannan naki maye ya kama shi." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Hala take ce mini, wato inna. Ta ce, "Hala Ɗaso, ya fi ki lafiya. Haka ya gada." Ta bayyana mini cewa a cikin iri akwai ƙwayoyin gado da ke umartar tsiro ya fitar da kara, ya yi ta jera ganye. A wannan kuwa umarnin ya bi wata hanya, sai ganyen farko ya yi ta girma shi kaɗai. Shekaru ta yi tana haɗa shi da danginsa masu ganye da yawa, tana bin 'ya'ya da jikoki, don ta gano wace ƙwaya ce ke riƙe da wannan umarni. Na ce, "To a ci ko a sha?" Ta ce, "A sani."

Yanzu ga abin da muka yi mata. A kwanakin zaman makoki baƙi suka yi yawa, aka ce a buɗe ɗakin a shimfiɗa katifu. Aka kwashe tukwane zuwa saman bene, cikin ranar Makka. Sannan muka bi al'adarmu, muka raba kayan mamaciya sadaka. Kowa ta zaɓi mai kyan ganye. Aka wanke tukwane tas, aka ɓamɓare lambobin da ke jikinsu wai don kada a ba da sadaka da datti. Masu ganye ɗaya kuwa, aka ce naƙasassu ne, aka juye su a shara. Mu da muka tashi ana tsawata mana a kan tsinkar ciyawar Harami. Nuha tana Jidda a lokacin. Da ta dawo ta ga ɗakin, zama ta yi a ƙasa, ta kasa kuka ma.

Na san niyyar lada ce. Amma ko ɗaya cikinmu ba ta tsaya ta tambaya ba, kuma wannan halin namu ne ya ishe ni: abin da ba mu gane ba, sai mu yanke cewa ba shi da amfani. Sami, ƙanin Kabira, kai ka kashe mukayyif ɗin. Ka kunna shi yau, maganar ba da ɗakin haya ta jira. Hajiya Rabi'atu, ki yi haƙuri da zafina, baƙin cikinki ya fi nawa. Ba zan ɓoye ba, karatun 'yata ma yana rataye a kan tukwanen nan. Amma aikin 'yarki ne.

An gaya mini ba duka aka zubar ba. Matan da suka zo a makare, masu wanki da masu tallan goro, sun samu ragowar, wato masu ganye ɗaya. Da ku nake. Tsiron nan sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, ya ba da iri, ya mutu. Nuha ta ce lokacin ya kusa. In ya yi fure a bakin tagarku iska ta kwashe irin, shi ke nan. Kada ku yanke ganyen, kada ku dafa shi don tari, kada ku bar shi a rana.

Na kuma san abin da ya hana ku dawo da su. Kun ji an ambaci jami'a, kuna tsoron a tambaye ku iƙama, takardar izinin zama. Ba jami'a za ku je ba. Ƙofata za ku ƙwanƙwasa, ko ku ajiye a bakinta ku wuce. Ba zan tambayi suna ba, kuma na faɗi wannan a gaban Umda yana ji.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Kabira, Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta nema na sanin halittarSa ya zama sadakarta mai gudana. Allah Ya ba iyalanta haƙuri. Mu kuma Ya ba mu hankalin tambaya kafin mu zubar. Amin.