Waya Ɗaya, Mu Uku, Ga Ta Ta Cika

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Hadiza ce daga Zoza. Waya ɗaya muke amfani da ita, ni da maigidana da surukata Inna. Ana jibi sunan ɗan ƙanwata, na gwada ɗaukar hoto, sai wayar ta ƙi, wai ta cika. Maigida ya sayo memori a Rogo, ashe wayar ba ta da wurin sa shi!

Ya ce, "Inna, ko a goge saƙonnin muryar jikokinki na Kaduna?"

Inna ta ce, "Goge bidiyon shanunka, ai suna nan a turke."

Haka ya goge yana salati, na sha hotuna ranar suna. Masu sauraro, ina dabara kafin ta sake cika? Ina gaida ƙawayena na Yammedi.