Kafin Ka Dangwala

A ɗakin jiran likitan ido, wani tsoho ya miƙa wa matar da ke gefensa takardar amincewa da aikin da za a yi masa.

"'Yata, karanta min kafin in sa hannu. Idon ya tafi ko sallama babu."

"Kawo, Baba. Mahaifina yatsa kawai ya dangwala a ofishin 'yan sanda, shekara shida ya yi a gidan yari."

"Subhanallahi. Ba a karanta masa ba?"

"Shaida ya je bayarwa kan satar babur. Aka ce dangwala nan ka tafi gida. Ashe amsa laifi ce."

"Ai ƙa'ida ita ce a karanta wa mutum jawabinsa da harshen da yake ji. Tun ranar farko ake koya mana."

"Ake koya muku?"

Tsohon ya jujjuya sandarsa. "Shekara talatin na yi ina ɗan sanda, a teburin ɗaukar jawabi."

"To kai kana karanta musu?"

"Da farko ina yi. Daga baya layi ya yi tsawo, na sama suna matsa a rufe fayil. Wallahi ban taɓa rubuta ƙarya ba. Na dai kama yatsun mutane na danna a kan rubutun wasu. Mahaifin naki yana raye?"

"Ya rasu bara."

Ta fara karanta masa takardar. Kafin ta gama, ya miƙa hannu yana lalube. "Kawo, in sa hannu haka nan."

"A'a, Baba. Saura layi huɗu. Sai ka ji duka."